Ginin gorar roba: inda ya biya kuɗinsa da inda bai biya ba

Tun shekarar 2011 da ƙungiyar DARE ta gina gida da gorunan roba cike da yashi a ƙauyen Sabon Yelwa kusa da Kaduna, ake ta samun magina da ke karɓar irin wannan aiki: katanga, dakali, shago, bayi, har da ɗaki. Gidan na Sabon Yelwa zagayayye ne, mai ɗaki biyu, kuma an ce ya ci goruna kusan 14,000. Dabarar ba a nan aka faro ta ba. Wani Bajamushe mai suna Andreas Froese ne ya yaɗa ta daga ƙasar Honduras, sannan a sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi, wato mutanen Yammacin Sahara, da ke Tinduf a Aljeriya wani injiniya, Tateh Lehbib, ya gina ƙananan ɗakuna masu cin goruna wajen 6,000 kowanne. Saboda haka gini ne da aka gwada, ya kuma tsaya. Abin dubawa shi ne ko ya dace da aikin da kake son yi, da kuma yadda za ka gane maginin da ya san hannunsa.

Mu fara da lissafi, domin a nan ake yawan ruɗin mutane da cewa kayan kyauta ne. Gorar lita ɗaya da rabi tsawonta ya ɗan haura santimita 30, kaurinta wajen santimita 9. Kwantar da ita ake yi, gindi waje, baki ciki, don haka tsawonta shi ne kaurin bangon. Idan aka bar kwaɓi na santimita 2 zuwa 3 tsakanin kowace gora, murabba'in mita ɗaya zai ci goruna 75 zuwa 90. Ƙaramar gora ta rabin lita kuwa sai an zuba 140 zuwa 160. Bulo mai inci tara guda goma kacal ke rufe wannan fili. Katanga mai tsawon mita 10 da tsayin mita 2 za ta ci bulo 200, amma da manyan goruna sai ka tanadi kusan 1,700, da yashi kusan tan huɗu na cika su kawai, ban da na kwaɓi. Ka ƙaddara ana cika kowace gora a minti uku: awa 85 ke nan kafin a aza ko ɗaya a kan fandisho.

Ita ma gorar tana da kasuwarta. Masu zoɓo da kunun aya da manja da man gyaɗa suna saye, 'yan bola jari suna tarawa suna sayar wa masu niƙa roba a kan kilo. Wadda za ka samu a banza yawanci ita ce lanƙwasasshiya ko marar murfi, kuma duk biyun ba su da amfani a gini. Wanda ke da hanyar otal ko wurin biki ko makaranta da za a riƙa ajiye masa, shi ne ginin zai yi wa araha. Wanda zai sayi gora ɗaya-ɗaya, ya kuma biya leburorin cikawa, zai iya tarar da kuɗin sun kamo na bulo.

Cika gorar shi ne rabin aikin, kuma nan ne ya kamata mai gida ya fi sa ido. Yashi busasshe ake so, wanda aka tankaɗe da raga aka fitar da tsakuwa da ciyawa. Ana zubawa da mazurari kashi uku, kowane kashi a buga gindin gorar a ƙasa, a danna da sanda, sannan a ƙara, har ya zo wuya a ɗaure murfi tam. Babbar gora da ta cika daidai nauyinta ya kai kilo biyu da ɗan kai, ƙaramar kuma wajen giram 800. Gwajin ba shi da wuya: ka kwantar da ita ka taka da ƙafa. In ta lotsa, ba ta cika ba. Masu gaggawa kan zuba ɗanyen yashi saboda ya fi saurin dannuwa, amma yana bushewa sai ya zauna ya bar iska a sama, nauyin layukan da ke bisa ya matse gorar, bango ya tsage a daidai wannan layi bayan 'yan watanni. Kada kuma a yarda a gauraya girma daban-daban a layi ɗaya. Bambancin santimita ɗaya ba ya nuna kansa a layin farko, amma kafin a kai layi na goma bangon ya karkace.

Fandisho na kankare ne kamar na kowane gini, a ɗaga shi sama da ƙasa aƙalla santimita 30 saboda ruwan damina, a shimfiɗa ledar hana danshi. Layuka uku na farko a yi su da kwaɓin siminti ɗaya, yashi shida. Daga nan ana iya komawa jar ƙasa da ɗan siminti, kamar ɗaya cikin goma, kuma nan ne ake samun ragowar kuɗi. Kowace gora tana zama a tsakanin biyun da ke ƙarƙashinta. Kusan yadda maginan gargajiya ke jera tubali cikin laka ne: kwaɓin ke riƙe ginin, abin da aka jera yana ba shi jiki.

Sai dai laka tana kama tubali, roba kuwa santsi gare ta, babu kwaɓin da ke manne mata. Shi ya sa ake ɗaure wuyan kowace gora da igiyar nailan, a zarga ta zuwa na kusa da ita da na layin ƙasa, har fuskar bangon ta zama kamar raga. Maginin da ya ce igiya ɓata lokaci ce, a sallame shi tun ranar farko. Haka kuma ba a ɗaga bangon fiye da layi huɗu ko biyar a rana, domin ɗanyen kwaɓi yana matsewa, gorunan su sulɓe waje, bango ya yi ciki. Zagayayyen ɗaki yana riƙe kansa da kansa, kuma yawancin gidajen da aka ambata a sama ba su da kusurwa. Miƙaƙƙiyar katanga dole a sa mata ginshiƙin kankare da rodi duk bayan mita biyu da rabi zuwa uku, da kowace kusurwa, a kuma ɗaure saman da linta. A kan lintar ake aza katakon rufi, ba a kan goruna ba.

Kyan ginin, wanda shi ke jan hankalin masu zuwa kallo, yana gindin gorar ne. Tsagin da ke ƙasanta yana fitowa kamar fure mai kunne biyar, kuma maginin da ke da ido zai ware koraye da farare ya fitar da zane a jikin bango, ko ya juyo da murafe masu launi waje. A cikin gida ko ƙarƙashin baranda wannan ado yana daɗewa, kuma ya cancanci a biya shi. A bangon da rana ke duka kai tsaye kuwa, robar tana dusashewa, ta yi gautsi, ta fashe, yashi ya fara tsiyaya. Irin wannan bango a rufe shi da filasta gaba ɗaya. Filastar ma ba za ta zauna ba sai an kafa ragar kaji a kan gindin gorunan, an watsa ruwan siminti ya kwana, sannan a yi shafe biyu. In aka tsallake ragar, shafen zai ɓamɓare falle-falle a damina ta farko ko ta biyu.

Ana yawan cewa ɗakin gora sanyi ƙalau yake. Da gaskiya a ciki: bango mai kaurin santimita 30 cike da yashi yana jinkirta shigar zafin rana, kamar dai yadda ginin ƙasa ke yi, kuma ya fi bulo mai rami nesa ba kusa ba. Amma zafin da ya sha da rana da dare yake sakinsa, don haka sai da tagogi masu fuskantar juna. Kuma in rufin kwano ne babu silin, kaurin bango ba zai hana ɗakin zafi a watan Afrilu ba. Maganar cewa harsashin bindiga ba ya huda shi, ko ya fi bulo ƙarfi ninki kaza, kada ta zama dalilin da za ka ba da kwangila. Batun wuta ya fi muhimmanci: yashi ba ya ci, amma robar tana fara laushi tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba, tana narkewa a wajen digiri 250. Bangon da murhu zai jingina da shi a yi shi da bulo ko jan tubali.

Akwai ƙananan matsaloli da ba a faɗa sai an tare. Ba a fasa wannan bango a binne bututun waya ko na ruwa yadda ake yi wa bulo, don haka a shirya hanyarsu tun ana gini. Ƙusa ba ta kamawa, in ta huda gora ma yashi zai zubo, saboda haka duk inda za a rataya labule ko kanta a binne guntun katako tun farko. Kaurin bangon kuma yana cin fili: ɗakin da aka auna ƙafa 12 daga waje zai dawo ƙasa da ƙafa 10 a ciki bayan filasta.

Ga dakali, katangar lambu, bayi, ɗakin kaji, shago ko ajin makaranta inda jama'a za su taru su cika goruna da hannunsu, aikin yana da kyau ƙwarai kuma muna ba da shawarar a yi shi. Ga gidan zama mai hawa ɗaya ma ya yi, muddin akwai ginshiƙai da linta. Bene kuwa a bar shi, sai in injiniya ya zana ginshiƙan da za su ɗauki nauyin duka, gorunan su zama cikon bango kawai. Kafin ka biya kafin alƙalami, ka nemi maginin ya kai ka aikinsa da ya ga damina biyu, ka duba ƙasan bangon da gefen tagogi, ka kuma yi ciniki da shi a kan murabba'in mita, tare da rubuta wanda zai kawo goruna da wanda zai biya masu cikawa.