GPS ko kwatance: wanne za ka riƙe idan kana da ganawar aiki?

Ɗan'uwa, barka da samun sabon aiki, Allah ya sanya albarka. Ka ce aikin yana kai ka wurare uku zuwa huɗu a rana don ganawa da abokan hulɗa, kuma yawancinsu wuraren da ba ka taɓa takawa ba ne. Wani abokin aikinka ya ce ka kunna GPS ka bi duk abin da ta ce, wani dattijo a ofis kuma ya ce ka riƙa neman kwatance kana haddace hanya. Kana so ka san wanne za ka riƙe. Na daɗe ina irin wannan zirga-zirga, kuma abin da na gano shi ne kowannensu akwai inda ya fi ƙarfi a cikin tafiya guda. GPS ce gwanar tsakiyar hanya. Ƙarshen hanya kuwa, wato daga babban titi zuwa kujerar da za ka zauna, na kwatancen mutum ne.

Akwai abu biyu da ake haɗawa wuri ɗaya, gara a raba su tun farko. GPS ita kanta taurarin ɗan'adam ne na Amurka, kusan talatin, suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa. An harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Wayarka ba ta aika musu komai, saurare kawai take yi. Da zarar ta ji saƙon huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda take daga lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso. A fili, inda babu abin da ya tare sama, kuskurenta bai cika wuce mita biyar ba, musamman da yake wayoyin yanzu suna haɗawa da taurarin Rasha da na Turai da na Sin. Aikin taurari iyakarsa ke nan, su gaya maka inda kake. Sunayen tituna, adireshi, titi mai hannu ɗaya, ƙofar da ake shiga, duk a taswira suke, ita kuwa taswira mutane ne suka shigar da bayananta. Yawancin ɓatan da ake ɗora wa GPS daga taswira yake fitowa, ko daga abin da direba ya rubuta da hannunsa.

A maganar cunkoso, babu direban da ya kai manhaja, komai sanin hanyarsa. Shi ya san yadda titi ya saba kasancewa da ƙarfe takwas na safe, amma bai san tirela ta faɗi a kansa minti goma da suka wuce ba. Manhaja irin Google Maps ko Waze tana gane haka ne daga wayoyin da ke kan titin: idan wayoyi masu yawa suna jan ciki a wuri ɗaya, sai ta shata jan layi. Shi ya sa wani mai fasaha a birnin Berlin na Jamus, Simon Weckert, ya zuba wayoyi 99 a ƙaramin amalanke yana ja a titin da babu motoci, Google Maps ta nuna titin a cunkushe. Inda wayoyi suke da yawa tana gani da kyau, a hanyar da ba a cika bi ba kuwa hasashe take yi. Don haka idan ta ce in bar babban titi in kutsa lungu saboda ragin minti biyu, ba na bi. Sai ragin ya kai minti goma nake yarda.

Lokacin isa da take nunawa shi ne tarkon da ya fi kama sababbin ma'aikata. Lissafin tuƙi ne kawai. Babu neman wurin ajiye mota a ciki, babu rubuta suna wurin mai gadi, babu jiran lif, babu laluben ofis a hawa na biyar. Kuma idan da dare ka duba, lokacin dare za ta ba ka, sai dai ka saita mata sa'ar da kake son isa gobe, ta ƙiyasta maka cunkoson wannan sa'ar. Mutumin da za ka gana da shi kuwa zai gaya maka a numfashi ɗaya cewa ƙofarsu akwai layi da safe. Ni ina ɗora minti goma sha biyar a kan duk abin da ta nuna, idan wurin babba ne kamar asibiti ko masana'anta in ɗora rabin awa.

Ga inda nake so ka fi lura, mita ɗari biyar na ƙarshe. Alamar wuri a taswira sau da yawa a tsakiyar gini ko fili ake dasa ta, manhaja kuma sai ta kai ka titin da ya fi kusa da alamar, ko da babu ƙofa a wajen. Ya taɓa faruwa da ni. Sunan wurin kawai na rubuta, ta kai ni jikin katangar baya ta ce na iso, ashe ƙofar tana wani titin daban. Kafin in zagayo na ci fiye da minti ashirin, na shiga ganawar da gumi da ban haƙuri. Haka kamfani mai rassa uku da suna ɗaya, ko tituna biyu masu suna ɗaya a unguwanni daban-daban, idan ka taɓa na farko da ya fito ba ka karanta ba, ka tafi ke nan. Tsakanin dogayen gine-gine ma saƙon taurarin yakan bugi bango kafin ya iso wayar. Da saurin haske yake tafiya, jinkirin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kuskuren mita 300 ne a lissafi, shi ya sa za ka ga ɗigon da ke nuna inda kake ya tsallaka titin maƙwabci alhali ba ka motsa ba.

Amma kada ka ɗauka kwatance ba shi da aibi. Mai kwatance daga ɓangaren da shi yake fitowa yake lissafi. Zai ce ka wuce gidan mai ka yi kwana ta biyu a dama, kai kuma daga ɗaya gefen ka taho, damarsa hagunka ce. Ko alamar da ya ba ka an sake mata fenti tun bara bai lura ba, don wanda ke bin hanya kullum ya daina kallonta. Maganin wannan shi ne ka nemi duka biyun: ya turo maka lokeshin yana tsaye a bakin ƙofar da ake shiga, sannan ya ƙara da jimla ɗaya ta abin da idonka zai gani a wurin.

Batun sabis da caji gajere ne. Gane inda kake ba ya buƙatar data, taswirar ce ke buƙata, saboda haka ka sauke taswirar yankin a waya tun kafin ka fito. Za ta ci gaba da yi maka jagora inda babu sabis, sai dai ba za ta nuna cunkoso ba. Ka ajiye caja a mota, kuma ka kare wayar daga rana, don idan ta yi zafi allon yakan dushe ko ta tsaya gaba ɗaya. Abin da ya fi ban haushi shi ne kiran wanda ke jiranka ya shigo daidai kana dosar shataletale mai hanya biyar. A nan hanyar da ke cikin kanka ce za ta fishe ka.

Ta fuskar lafiyar tuƙi, sai an yi adalci. A gudun kilomita 60 a awa, kallon allo na daƙiƙa uku tafiyar mita 50 ce ido ba ya kan titi. Amma direban da ya ɓace ba tare da GPS ba shi ma haɗari ne, yana leƙen alluna, yana taka birki ba zato, waya a kunne. GPS da murya a kunne, wayar a maƙale daidai ido, ta fi wannan aminci nesa ba kusa ba. Wanda ya fi su duka shi ne wanda ya riga ya san kwanar da ke gaba, muryar tana tabbatar masa ne kawai.

Dattijon ofishinku yana da gaskiya a kan haddace hanya, har masana sun auna. A 2000 Eleanor Maguire da abokan aikinta a Landan sun gano cewa direbobin tasi na birnin, waɗanda ke shekaru suna haddace tituna kafin a ba su lasisi, wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai kula da tuna wurare ya fi na sauran mutane girma. A 2020 kuma masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun ga cewa direbobin da suka fi sabawa da GPS sun fi rauni wajen tuna hanya idan aka bar su su kaɗai. Ga mai aiki irin naka wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda abokan hulɗar nan za ka riƙa komawa wurinsu. Zuwa na farko da na biyu ka bi muryar. A na uku ka kashe ta, ka bar taswirar a buɗe saboda cunkoso kawai, za ka yi mamakin yadda hanyar za ta zauna maka.

Ni dai da dare nake ware minti biyar ga kowace ganawa ta gobe. In buɗe taswirar in kalli hanyar daga farko zuwa ƙarshe, in riƙe sunan babban titin, da mararrabar da zan sauka, da abin da zan gani kafin ƙofa. In juya zuwa hoton sama in nemo inda ake ajiye mota. Lambar wanda zan gani kuma a takarda nake rubuta ta in sa a aljihu. Da safe in kunna GPS tun mota na tsaye. Idan ta ce in shiga hanyar da na ga an gitta shinge ko ruwa ya shanye, wucewa nake yi ta sake lissafi. Idan kuma na ga zan makara, sai in samu gefen titi in tsaya, in kira mutumin in gaya masa inda nake da mintin da suka rage.