Ta Freemason ce ko ta Odd Fellows? Ga inda ake ganewa

Ɗan uwa da ya turo hoton tsohuwar lambar ƙirji mai ido a tsakiya yana tambaya ta Freemason ce ko ta Odd Fellows, wato tsofaffin ƙungiyoyin ’yan uwantaka guda biyu, kuma wacce tafi daraja, to wannan idon dai ba zai raba maka gardama ba don duk su biyun suna saka shi.

Ka duba abin da ke kewaye da idon. In ka ga sarƙa mai gaɓa uku, wani lokaci da haruffan F, L, T a ciki, wato abota da ƙauna da gaskiya, ko tafin hannu da zuciya a tsakiyarsa, ta Odd Fellows ce. Su ƙungiyar taimakon juna ce ta ma'aikata, ana zuba kuɗi ana duba mara lafiya ana binne mamaci, babban reshensu na Manchester ya kafu a 1810, na Amurka kuma Thomas Wildey ne ya kafa shi a Baltimore a 1819.

Ta Freemason kayan magina za ka gani, sukwaya ta auna kusurwa da kamfas na zana da'ira, a Amurka galibi har da harafin G. Kuma kowane muƙami da tasa, ma'aji mabuɗi, sakatare alƙaluma biyu a gicciye, tsohon shugaban reshe a Ingila kuwa sukwaya ce da zanen lissafin Pythagoras, masanin lissafi na tsohuwar Girka, rataye a ƙasanta. Tun 1717 suke da babbar majalisa a Landan, shi yasa nasu suka fi yawa kuma suka fi samun masu nema. Akwai ma waɗanda fursunonin yaƙin Faransa suka haɗa a Ingila zamanin Napoleon da ƙashi da takarda da gashi a ƙarƙashin gilashi, ba azurfa ba zinare amma masu tara kayan tarihi rububinsu suke.

Maganar kuɗi kuwa ka juya bayanta kawai, ni a ganina ƙyallin gaba yaudara ne, da yawa azurfa ce aka yi wa ruwan zinare, wasu ma tagulla ce. In ƙirar Ingila ce za ka ga ƙananan tambura a jere, zaki mai tafiya na nufin azurfa 925, ankar jirgin ruwa tambarin Birmingham ce, kan damisa na Landan, 375 zinare ne karat 9, sannan harafi ɗaya mai nuna shekara. Sai sunan maƙera irin su Kenning ko Spencer, da sunan reshe da lambarsa in an zana.

Yawanci ta Freemason tafi tsada, amma ta Odd Fellows mai tambarin azurfa da ƙyallenta na asali ta doke ta Freemason ta tagulla nesa ba kusa ba. Kar ka goge ta da man goge ƙarfe, ruwan zinaren zai tafi. Turo mana hoton bayan.