Smooth Cut na DaVinci Resolve ya fitar da ni kunya a bidiyon Kawu

Wata huɗu ke nan da na koma tace bidiyo da DaVinci Resolve, manhajar kwamfuta da ake saukewa kyauta, kuma abu ɗaya ne ya sa na zauna rubuta wannan sharhi.

Kawunmu ya tsufa, shi kaɗai ya rage da ya san yadda kakanninmu suka taso daga ƙauye suka zauna a birni. 'Yan uwa suka ce tunda ni ke ɗaukar biki da suna, in ɗauke shi yana ba da tarihin. Na kafa kyamara a zaure, ya yi magana kusan awa guda. Sai dai Kawu na fama da tari. Bai yin minti biyu sai ya tsaya ya yi tari, ya kurɓi ruwa, ya ci gaba. Da na yanke wuraren tarin, sai hoton ya riƙa zabura a kowace mahaɗa, kansa na nan, ƙiftawar ido ya koma can.

Na fara da Cross Dissolve, mai narkar da hoto cikin na gaba, wanda danna Ctrl da T ke sakawa kai tsaye, tsawon daƙiƙa ɗaya. A bidiyon biki yana da kyau, idan za ka tashi daga sa lalle ka shiga kamu, domin yana nuna lokaci ya wuce. A fuskar mutum ɗaya kuwa abin ba kyan gani: fuska biyu ke hawa kan juna, baki biyu, hula biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ba zan kai wa dattijo hotonsa a haka ba.

Cikin dare ina duba jerin tiranzishan, wato salon haɗa yanki da yanki, na ga Smooth Cut, na ja shi na ɗora a kan mahaɗa ɗaya. Wallahi sai da na mayar baya sau uku ina neman inda na yanke. Shi ba narkar da hoto cikin hoto yake yi ba. Yana duba firem (hoto ɗaya cikin jerin hotunan bidiyo) na ƙarshe da na farkon yanki na gaba, ya ƙirƙiro motsin da ke tsakaninsu, sai ka ga kamar Kawu ya ɗan gyaɗa kai ne kawai. Na gane yana son a gajarta shi. Ina ɗauka a firem 25 cikin daƙiƙa, na mayar da shi firem 4 zuwa 6, nan ne ya zauna daidai. Inda Kawu ya ɗaga hannu ko ya juya sosai kuwa, babu dabarar da za ta ɓoye, sai na rufe wurin da tsofaffin hotunan gida. Sautin na haɗa shi daban da Shift da T, don kada muryar ta yi tsalle.

Da na kai masa ya kalla, ya yi shiru har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, ina tarin nawa ya tafi?" Na ce, "Kawu, na cire maka shi." Ya ce Allah ya yi albarka. Goggo kuwa hawaye ta riƙa sharewa.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne tuna manhajar waya da na yi shekara biyu ina biyan kuɗinta duk wata. Ranar da kuɗin ya ƙare ina tsakar aikin wata amarya, duk tiranzishan ɗin da na saka suka kulle, kuma ta manna mini tambarinta a kusurwar hoton. Yawancinsu ma juye-juye ne da walƙiya, waɗanda ke sa mai kallo jiri. A nan ban biya ko sisi ba, bidiyon ya fito babu tambari.

To amma kada in ruɗe ku. Idan kwamfutarka mai rauni ce, za ka sha wahala. Masu DaVinci da kansu sun faɗa cewa RAM, wato ma'ajiyar aikin kwamfuta, mai GB 16 ake so. Wanda ya sayar mini da tawa a kasuwa ya rantse za ta ɗauki kowane aikin bidiyo, ashe 8 ce a ciki, har yau ban huce ba. Duk inda na sa Smooth Cut sai kallon ya riƙa tsayawa, sai na jira ta gama sarrafa wurin, fanka na ta ƙara, ga wuta ana ɗaukewa. Mahaɗa sama da talatin, kwana biyu na yi a kansu.

Wani abu kuma da ya kamata sabon shiga ya sani: tiranzishan na cin ragowar hoton da ke bayan inda ka yanke. Idan ka kai yanki har bakinsa, manhajar za ta tambaye ka ko ta rage shi ko ta tsallake. Yanzu in zan ɗauka, nakan bar kyamara ta ƙara 'yan daƙiƙu kafin magana da bayanta.

Kawu ya ce akwai labarin zuwan mahaifinsa Makka a ƙasa da bai ba ni ba tukuna. Sai na ƙara RAM zan koma zauren.