Maganadisu ko garin maganin iri: wanne ke hana burtuntuna?

Ɗan'uwa, tsakanin na'urar maganadisun nan da ake zura iri ta cikinta da garin maganin iri, duka biyun sun ratsa hannuna. Garin za ka saya.

Shekarar da burtuntuna ta shiga dawata ba na mantawa da ita. Ka kama zangarniya ka murza, sai baƙin gari ya cika maka tafin hannu kamar dakakken gawayi. Wannan ƙurar ita ce cutar. Tana manne wa lafiyayyen iri a wurin sussuka, ta kwana da shi a rumbu, ta shiga jikin tsiro tun yana tsaga ƙasa, kai kuwa ba ka san an yi ba sai dawa ta fid da kai. Da damina ta zagayo wani dattijo maƙwabcin gonata ya zaunar da ni a gindin ɗorawa, ya sa na zuba iri kilo 4 a roba, ya yayyafa ruwa kaɗan, ya juye ledar garin maganin iri na Apron Star mai giram 10, muka yi ta girgizawa har kowace ƙwaya ta rine. A kakar nan sai da na yi ta zaga gona kafin na ga zangarniya mai baƙi. Allah Ya saka masa da alheri.

Maganadisun kuwa, yana nan rataye a ɗakin ajiya, kuɗinsa har yau yana ci mini rai. Gaskiya ne a ɗakin gwaji an ga ƙarfin maganadisu ya rage yaɗuwar wasu nau'o'in fumfuna, dangin abin da ke kawo burtuntuna, amma an ga inda ya ƙara musu kuzari ma, ya danganta da ƙarfinsa da tsawon lokacin. Mai talla zai ce maka ai a Jamus da lantarki ake tsabtace irin alkama. Ana yi, amma da ƙaton injin masana'anta ne mai harba ƙwayoyin lantarki a bayan iri, ba ɗan ƙarfen da zai miƙo maka ba.

Ka kula da masu jabun garin maganin ranar kasuwa, musamman in ruwan shuka ya sauka kowa na sauri. Kada ka karɓi wanda aka ƙulla a farar leda. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka tabbata bakin ledar a rufe yake. Ragowar irin da ka rina kuma guba ne, ka ɓoye shi nesa da yara da kaji.