Ciyayin ruwa ko famfon iska: wanne jatan landenka suke buƙata?

Ɗan'uwa, ka ce kwana uku ke nan in ka tashi sallar asuba kake tarar da jajayen jatan landenka sun haura sun manne a jikin gilashin tankin da kake kiwon su dab da saman ruwa, har biyu sun mutu, amma da hantsi sai su sauka su ci gaba da kiwo. Kana tambaya ko ka ƙara ciyayin ruwa, ko ka sayi famfon iska. Allah ya mayar da alheri. Wannan asubar da ka ambata, a nan amsar take.

Ciyayi suna ba da iskar oksijin, amma sai da haske. Kana kashe fitila suke daina bayarwa su koma shaƙa, su da jatan landen da ƙananan halittun da ido ba ya gani da ke cikin tsakuwa, duk daga ruwa ɗaya. Haka ake ta ja har gari ya waye, shi ya sa iskar ta fi ƙaranci da asuba. Ƙara ciyayi a tankin da ruwansa yake kwance, ƙara bakin ci ne da daddare. Ba kushe su nake ba. Gansakukar Java maɓoya ce mai kyau ga 'ya'ya, kuma tana tsotse dattin ruwa. Kada ka tuge ko ɗaya.

Famfo kuwa ba ruwansa da dare ko rana. Mutane suna ɗauka kumfar ce ke narkewa a ruwa, alhali yawancin iskar ta saman ruwa take shiga, aikin kumfar shi ne ta motsa saman, ta kuma juyo ruwan ƙasa. Sunkuya ka leƙa saman tankinka ta gefe. In ka ga wata yana mai ƙyalli kamar maiƙon miyar da ta huce, to ita ma tana toshe hanyar iska, kuma kumfa na fasa ta cikin mintuna. Ni dai na fi son a haɗa famfon da matatar soso. Ba ta zuƙe 'ya'ya, waɗanda ba su wuce milimita 2 ba ranar ƙyanƙyashewa, kuma za ka ga manyan sun yi dandazo a kan soson suna tsintar abinci yini guda.

Ga kuma zafi. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, a digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne, ga shi jikin jatan landen ya fi buƙatar iska in ruwa ya ɗumama. A watan Maris da Afrilu ruwan da ke ɗaki yana kai wa 30 ba wuya. Ciyayi ba sa maganin wannan. Ɗaga murfin, ka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan.

Raunin famfo shi ne wuta. Nemi ƙarami mai USB wanda batirin cajin waya zai iya ɗauka in an ɗauke wuta. Ka ɗora shi sama da tsayin ruwan, don kada ruwa ya biyo tiyo ya koma cikinsa in ya tsaya. Yana da 'yar ƙara, sa masa tsumma a ƙasa.

Saboda haka famfon za ka fara saya. Kafin ya iso, kwashe ragowar abinci da ruɓaɓɓun ganye, ka rage ciyarwa, sannan da daddare ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana kwarara shi daga sama a hankali. In famfo ya kwana biyu yana aiki amma suna ta hawa, auna amoniya, wato gubar da kashinsu da ruɓaɓɓen abinci ke haifarwa a ruwa, don ita ma takan kore su sama.