Wuƙar yara ta Opinel, ra'ayina ga iyayen da ke son yaransu su iya girki

Iyaye 'yan uwana, yau kan wuƙa zan yi magana, wuƙar kicin ta yara wadda kamfanin Opinel ke yi, sunan saitin Le Petit Chef. Na san da zarar an haɗa wuƙa da yaro a zance ɗaya wasu har gabansu ya faɗi, to a ɗan saurare ni tukuna kafin a yanke hukunci.

Kamfanin na Faransa ne kuma ba jiya suka fara ba, tun 1890 Joseph Opinel ya fara ƙera wuƙarsa mai naɗewa a yankin Savoie, har yanzu kuma a Chambéry masana'antarsu take. Saitin yaran abu uku ne a kwali ɗaya, wuƙa da abin fere da makarin yatsu na roba. Ƙarfen wuƙar santimita 10 ne, irin wanda ba ya tsatsa, bakinta ba tsini, an zagaye shi, mariƙin kuma na katako. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne wani zobe da aka maƙala tsakanin mariƙi da ƙarfen, yaro zai zura manuniyarsa a ciki, sai hannun ya zauna inda ya kamata, ba zai zame ya gangara kan kaifi ba. Abin feren ma yana da irin zoben nan. Su masu yin ta sun ce daga shekara 7 zuwa sama ne, kuma lallai da babba a kusa.

Dalilin da ya sa na damu da wannan abu har na neme ta, wallahi halin da nake ganin matasa a ciki ne. Mutum ya kai shekara ashirin da wani abu, ya gama karatu, wani ma ya kama aiki ya kama ɗaki shi kaɗai, amma in ba taliyar leda da soyayyen ƙwai ba babu abin da zai iya ɗorawa a wuta, sauran kwanaki sai oda a waya, albashi ya tafi a cima kuma cimar gishiri da mai sun yi mata yawa, alhali hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, to wanda bai san abin da aka zuba a tukunyar ba ta ina zai ƙirga? Na taɓa tsayawa ina kallon wani matashi ɗan uwanmu yana yanka albasa, yatsunsa a miƙe shimfiɗe a kan albasar, wuƙar na sauka dab da farcensa, albasar na mirginawa don bai raba ta biyu ya kifa ba, kuma yaron nan mai ƙwaƙwalwa ne, kawai dai babu wanda ya taɓa tsayawa ya nuna masa. Duk lokacin da ya leƙo kicin yana ƙarami sai a ce fita kada ka ƙone, fita kada ka yanke, to ya fita, har ya girma bai dawo ba. Ni ban ga laifin matasan nan sosai ba gaskiya, mu manya ne muke korarsu don muna sauri.

Kuma kusan kowane girki da yanka yake farawa. Wanda ke tsoron wuƙa ko yake ɗaukar rabin awa kan albasa biyu da tumatir uku, tun kafin tukunya ta hau wuta ya gaji ya haƙura.

Kafin wannan akwai wuƙaƙen roba masu haƙora da aka ba ɗana, irin waɗanda ake cewa ba sa yanka fata. Ga ɗan shekara uku ko huɗu da zai yanka ayaba ko dafaffen ƙwai ba laifi suna da amfaninsu. Amma da ya kai kan tumatir sai matsewa, ruwan ya tsiyaye a katako, karas kuwa sai ya danna da dukkan ƙarfinsa ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, yaro ya ji haushi ya ajiye ya tafi. Kuma abin da ya fi damuna shi ne wuƙar roba tana koya wa yaro cewa wuƙa abin wasa ce, ana iya goga ta a tafin hannu ba abin da zai faru, ranar da ya ɗauki ta gaske da wannan tunanin fa?

Ta Opinel ɗin tana da kaifi na gaske, wannan a sani tun farko, za ta yanka yatsa in aka yi sakaci. Kuma a wurina nan ne alherinta yake, saboda wuƙa mai kaifi ba ta buƙatar a danna ta da ƙarfi, dakusasshiya ce ke zamewa daga bayan albasa ta sauka inda ba a so. Har hawayen albasa yana raguwa in wuƙa na da kaifi don ba ta murƙushe naman albasar sosai balle sinadarin nan mai yaji ya tashi da yawa.

Ranar da ɗana ya fara riƙe ta Opinel ɗin kokwamba na ba shi, na raba masa biyu a tsaye na kifa gefen da ke shimfiɗe a kan katako don kada ta mirgina, na jiƙa tsumma na sa a ƙarƙashin katakon don kada shi ma ya yi ta yawo. Ya zura yatsa a zoben, ɗaya hannun ya sa makarin, ya sauke wuƙar a hankali har harshensa ya ɗan fito don maida hankali, da yankan farko ya faɗi gefe sai ya ɗago ya ce "Umma kin ga, ni na yi!" Yankan wani kauri wani siriri, ban gyara masa ko ɗaya ba, haka aka ci. Kuma ya ci da yawa, yaron da a da sai an yi ta lallashi kafin ya taɓa ganye ko kayan lambu.

Makarin yatsun a farko yana sa aiki ya yi nawa, kuma yara kan so su cire shi. Ni na bar shi a hannunsa har sai da na ga ya saba lanƙwashe yatsu ciki ya ɓoye babban yatsa a baya, irin yadda kyanwa ke dunƙule ƙafarta, sannan na fara barinsa ya yanka abu mai laushi ba tare da shi ba. Wannan lanƙwasar ita ce ainihin darasin, makarin mataki ne kawai. Abin feren kuma ya fi dacewa da karas da kokwamba, a ɗora kansu a katako a fere zuwa ƙasa nesa da jiki, dankali ƙarami mai santsi a bari sai hannu ya ƙware.

Abubuwan lura kaɗan ne. Mariƙin katako ne, ba a jiƙa shi cikin ruwa ba a sa shi a injin wanke-wanke, a wanke da hannu a goge nan take, kuma kada a taɓa jefa wuƙa cikin ruwan kumfa inda ba a ganinta, wannan ma na sa shi cikin dokokin da yaron ya haddace. Kabewa ko babban kabeji ko nama mai ƙashi ba aikinta ba ne, ƙarfen gajere ne, babba ya fara rarrabawa. Zoben ma an yi shi ne don ƙaramin yatsa, yaro zai girme shi wata rana, lokacin sai a matsa zuwa ƙaramar wuƙar gida.

Wasu ƙasashen sun ɗauki abin da muhimmanci har sun sa shi a makaranta. A Ingila tun 2014 darasin girki da cima mai kyau ya zama dole a manhajar ƙasa ga yara daga shekara 5 zuwa 14, a Japan kuma sun yi dokar ilimin abinci a 2005, kuma yaransu maza da mata tare suke shiga darasin aikin gida tun aji biyar na firamare. Maza da mata fa, don cikin ɗa namiji ma yunwa yake ji. Amma darasin awa ɗaya a mako ba zai kai abin da yaro zai samu ba in yana tsaye gefen mahaifiyarsa ko mahaifinsa ana haɗa abincin dare, a nan ne zai ji ana cewa wanke hannu da sabulu tukuna, katakon da aka yanka ɗanyar kaza kada a ɗora masa kayan salak, kaza sai ta dahu har ciki, in mai ya kama da wuta a kashe murhu a rufe da murfi kada a kuskura a watsa ruwa.

To zan ce a saya? E, ga mai yaro ɗan shekara 7 zuwa 10 ko kusa da haka, kuma wanda ya yarda zai tsaya tare da shi, don kwali ba ya koyar da kowa, in ranar kina sauri ce ko kin gaji gara ki ba shi wankin tumatir ko fasa ƙwai, yankan a bari sai ranar hutu da ba a jiran abinci. In kuma yaron ya wuce 12 ko matashi ne da bai taɓa koyo ba, ba sai an nemi wannan saitin ba, ƙaramar wuƙa mai kaifi da katako mai kyau sun isa, a fara masa da albasa a raba biyu a kifa.