'Yar na'urar OBD2 da na saya bayan na taɓa injin motata

Ranar wata Asabar na ce ba zan kai Corolla ɗina 'yar 2005 gareji ba. Mai ne ke tsiyaya ta gefen murfin inji, sai na sayo gasket da fulogi huɗu, na buɗe bonet a ƙofar gida na canza da hannuna. Aikin ya yi kyau a ido. Da na tayar, sai mota ta kama kakkarwa kamar mai masassara, wutar check ta kunnu, in na taka totur ta yi tari.

Kunya ta hana ni kiran bakanikena, don ya sha gargaɗina. A nan ne na sayi 'yar na'urar nan ta OBD2 mai Bluetooth, mai karanto matsala daga kwamfutar mota, wadda ba ta fi akwatin ashana girma ba, kuma kuɗinta bai kai na rabin tanki ba. Ana cusa ta ne a wani soket mai baki 16 da ke ƙasan sitiyari, ta haɗu da wayar salula. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka suna da wannan soket tun 1996, don haka yawancin 'yan Kwatano da muke hawa sun dace da ita. Haɗawar ta ɗan ba ni wahala, sai a karo na uku wayata ta gan ta.

Ta fito min da lambobi huɗu a jere, P0351 zuwa P0354, wato matsala a layin wutar koyil (mai ba fulogi wuta) na kowace silinda. Gabana ya faɗi, na fara lissafin kuɗin koyil huɗu. Sai kuma na tsaya: yaya za a yi su mutu rana ɗaya, alhali da safe lafiyarsu lau? Na'urar ba ta da amsar wannan. Ta nuna inda ciwo ya bayyana, ba ta san abin da na kwance ba.

Maƙwabcina mai aikin rewaya ne ya zo da mitar auna wuta. Batir 12.6 a kashe, 14 da ɗoriya in inji na aiki, ke nan caji lafiya. Ya bi wayoyin da hannu, ya tarar da 'yar wayar at (earth) da ake ɗaurewa a jikin inji tana lilo, notin ko rabi ban juya ba. Ta nan dukkan koyil ɗin ke mayar da wuta. Ya goge bakin, ya ɗaure da sifana lamba 10, ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ko kuɗin shayi bai kai ba." Na goge lambobin da wayata, mota ta koma shiru.

Ban yi nadamar sayen ta ba. Ta hana ni zargin birenbos, wato kwamfutar motar, kuma yanzu ina kallon zafin inji da ƙarfin caji a tafiya mai nisa. Amma bayaninta duk da Turancin makanikai ne, kuma tawa ba ta karanta matsalar birkin ABS ko ta jakar iska. Soket ɗin yana da wuta ko mota na kashe, shi ya sa nake cire ta in zan ajiye mota kwana biyu. Tana cikin aljihun dashbod, tare da mitar da na saya a makon da ya biyo baya.